Wasiƙa kan aikin magajin garin Kuritiba

Sakkwato

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali da aiki. Mutanen gida duk suna gaishe ka. Damina ta kankama, unguwar Mabera kuwa sai addu'a, ka san halinta da ruwa.

Tunda an sa ka cikin kwamitin tsara gari a can, ina so ka san aikin Jaime Lerner, masanin zanen gine-gine da ya riƙe birnin Kuritiba na Birazil har sau uku, tun daga 1971. Ya yi gwamnan jihar Parana daga 1995 zuwa 2002, ya rasu a 2021.

Birnin ba shi da kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai ya nemi bas ta yi aikin jirgin. A 1974 aka ware wa bas layi biyu a tsakiyar manyan tituna, ba motar da ke shiga. Amma layi kaɗai bai isa ba, domin abin da ke cinye lokacin bas shi ne tsayuwa: fasinja na laluben canji, tsohuwa na fama da matakala. Don haka a 1991 aka kawo tashoshin gilashi masu siffar bututu. A bakin tasha kake biya, daɓenta kuma daidai yake da na bas, ƙofofi na buɗewa mutane su fita wasu su shiga lokaci guda. Doguwar bas mai gaɓa uku tana ɗaukar mutum 270. Kuɗin mota ɗaya ne ko ka sauya bas, shi ya sa talakan bayan gari bai fi kowa biya ba. Kamfanonin bas ɗin ma daga baya an koma biyansu bisa kilomitar da suka yi, ba yawan fasinja ba, sai tseren direbobi a kan fasinja ya mutu. Wannan, a ganina, shi ne abin da masu kwaikwayonsa suka fi mantawa.

Ambaliya kuwa bai yi mata gini da siminti ba. Filayen bakin kogi aka hana gini, aka mayar da su wuraren shaƙatawa masu tafki, irin Barigui, ruwa in ya cika ya sami wurin kwanciya. A da, tumaki ke cin ciyawar wasunsu. Duk wanda ya ga ambaliyar 2010 a fadamar Rima ya san amfanin barin fadama a matsayinta.

Unguwannin da motar shara ba ta iya shiga, mutane ke kawo buhunan shara a ba su tikitin bas ko abinci. Daga baya tsarin ya zama kilo 4 na robobi da gwangwani da kwali a bakin kilo 1 na kayan lambu. Ledar da aka saye ba ta toshe kwata.

Kada ka ɗauka komai ya tafi daidai. Garin ya faɗaɗa fiye da layukan, bas ta cushe safe da yamma, masu hali suka koma motocinsu. In za ku gwada, ku fara da titi ɗaya, ku zauna da 'yan kabu-kabu da masu keke tun farko, don su ne za su riƙa kawo fasinja daga lungu zuwa tasha.

Ka gaida uwargida da yara. Allah Ya ba ku sa'a. Sai na ji daga gare ka.

Naka,
Amininka