Amsa ga Malamin da ya tambaye ni asalin Kirsimeti

Malam, gaisuwa mai yawa. Yaya iyali, yaya kuma sanyi?

A taron matasan Musulmi da Kirista da aka yi nan Gombe, ka tambaye ni gaban jama'a ina muka samo 25 ga Disamba, tunda Littafi Mai Tsarki bai faɗa ba. Ka ce ka ji wai bikin masu bautar rana ne aka sauya masa riga. Lokaci ya ƙure ranar, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Farkon maganarka gaskiya ne. Matta da Luka ne kaɗai suka kawo labarin haihuwar Yesu, kuma ba wanda ya ambaci rana ko wata. Luka dai ya ce makiyaya suna kwana a fili suna tsaron garkensu. Kiristocin farko ma Ista, bikin tunawa da tashin Yesu daga matattu, ita ce babbar ranarsu. Shaida mafi daɗewa ta yin wannan biki a 25 ga Disamba daga Roma ta fito, cikin wani jerin ranaku na shekarar 336.

A kan dalilin zaɓen ranar kuwa, masana sun rabu biyu. Wasu sun ce a shekarar 274 Sarki Aureliyan ya ɗaukaka bautar rana a Roma, kuma a lissafin Romawa daga 25 ga Disamba yini ke fara tsawo, sai ikilisiya ta karɓe ranar don ta janye mutane daga tsafi. Wasu kuma sun ce lissafi ne kawai: magabata sun ɗauka ranar 25 ga Maris aka gicciye Yesu, kuma a irin wannan rana Maryamu ta ɗauki cikinsa, ƙara wata tara, ka faɗo Disamba. Ni na fi karkata nan, domin Tatuliyan, wani marubucin ikilisiya na birnin Kataj, a Tunisiya ta yau, ya rubuta batun 25 ga Maris tun wajen shekarar 200, kafin a haifi Aureliyan.

Har yau ma ba a haɗu a rana ɗaya ba. Kibɗawan Masar da Habashawa sai 7 ga Janairu suke yi, Armeniyawa kuma 6 ga wata. Da ranar bikin ce ginshiƙin bangaskiyarmu, ai da tuni mun kafirta juna.

Abin da muke tunawa shi ne faɗar Yahaya 1:14, cewa Kalman, wato Yesu, ya zama mutum, ya zauna a cikinmu. Aka haife shi a gidan talakawa, aka kwantar da shi a komin dabbobi. Na san a nan hanyarmu ta rabu da taku. Kuna girmama Annabi Isa da mahaifiyarsa, har sura guda ke ɗauke da sunanta, amma ba ku ɗauke shi yadda muka ɗauke shi ba. Wannan ba na ɓoyewa ba ne.

Itacen ado da tsoho mai jar riga kuwa, kayan Turawa ne. Namu bikin ka san shi: teloli ba barci, tasha maƙil da masu tafiya Kaltungo da Billiri, Zumuntar Mata na ta gwajin waƙa da tulu da caki har dare, yara na yawo da sababbin takalma duk ƙura.

In ranar ta zo za a aiko maka da shinkafa da miya. Ka ci hankali kwance, mahaucin unguwarku ne ke yi mana yanka kowace shekara.

Naka,
Wani dattijon ikilisiya, Gombe