Yaya, a sauke wa Bidi sirdi

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau, sai godiya.

Na turo Yuro 300, lambar karɓa tana wayarka. Canjin Yuro da sefa a ɗaure yake, ba ya hawa ba ya sauka, Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, don haka jaka 196 za su ba ka da ƴan canji. Jaka 80 na maganin Inna da cefanenta, 50 na makarantar su Hadiza, 40 na harawa da dusar Bidi da kuɗin likitan dabbobi. Sauran ka riƙe a hannunka. Ko dala kada ta bi ta hannun Sani.

Maganar da Goggo take yawo da ita, wai na sayi doki da gidan sarauta a Turai na manta da gida, don Allah ka kashe ta. Gidan da kuka gani a hoto sunansa Shambor, Sarkin Faransa Faransuwa na ɗaya ne ya sa aka fara gininsa a 1519, yanzu na gwamnati ne, da tikiti ake shiga. Katangar da ta kewaye dajinsa kaɗai kilomita 32 ce. Dokin kuwa na maigida ne, ni ɗan barga ne.

Ga yadda aikin yake, don ka yi wa Inna bayani. Masu hali daga Ingila da Jamus da Amurka suna biya su yi mako guda a kan doki suna zaga tsofaffin gidajen sarakuna na kwarin kogin Luwar. Ayarinmu ba ya wuce mutum takwas, da jagora mai takardar shaida. Ba a ɗaukar ɗan koyo, sai wanda ya iya sassarfa da sukuwa a fili, kuma tun kafin mutum ya zo ake tambayar nauyinsa. Wanda ya haura kilo 90 maigida haƙuri yake ba shi, komai kuɗinsa. Ana cin kilomita 20 zuwa 30 a yini, wajen awa biyar a kan sirdi, galibi tafiya ce ta hankali. Daga wajen Shambor a ratsa daji zuwa Shaberni, inda suke kiwon karnukan farauta garke guda, sai Shomon, sai Ambuwaz, a ƙare a Shenonso, gidan da aka gina a kan gada bisa kogin Sher. A Shomon akwai bargar da masu gidan suka gina a 1877, in ka ga ɗakin sirada nata sai ka riƙe baki. Hanyoyin dajin Solonyi rairayi ne mai laushi kamar na hanyar Mirriya, nan ake sakin linzami. Kan kwalta kuwa ko sassarfa an hana, tana cin gaɓoɓi kuma takalmin ƙarfe yana santsi.

Ni motar kaya nake ja. In riga su isa masauki, in kewaye fili da igiyar lantarki, in cika bokitai, in zuba ingirici. Ka gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, in baƙi sun shiga rumbun giya ɗanɗano ina waje wurin dawaki, abincina ni nake dafawa.

Ana ba dawaki abinci awa biyu kafin hawa, ciyawa tukuna sannan hatsi. A goge baya da ƙarƙashin ƙirji har sai hannu bai ji ko ƙwayar yashi ba, a ƙwaƙule kofato huɗu, a taɓa takalmi ko ƙusa ta yi sako-sako. Shimfiɗar sirdi daga wuya ake ɗora ta a jawo ta baya, ta bi kwanciyar gashi, a ɗaga gabanta kada ta danne doron kafaɗa, yatsu uku su shiga tsakanin sirdi da ƙashi. Majayi ba a ɗaure shi tamau lokaci guda. A ja kaɗan, a zaga da doki, a ƙara, bayan minti goma da tashi a sake dubawa. Jakunkunan gefe ma sai nauyinsu ya zo ɗaya, gorar ruwa ɗaya ta rinjayi gefe ta isa ta karkatar da sirdi, kafin yamma fata ta saluɓe. Saura kilomita ɗaya a isa, kowa ya sauka ya ja dokinsa a ƙasa, a sassauta majayi, a bar sirdi a kai kamar kwata kafin a cire. Duk dokin da aka ga kumburi ko miki a bayansa, a ranar ake fitar da shi daga ayari a kawo wani, ko da baƙon zai yi fushi.

To, wannan ne ya kawo ni kan Bidi. An gaya mini Sani yana ba da shi haya wa samari a hawan angwanci, suna sukuwa da zamiya a kan kwalta, kuma baya ya fashe amma ana ci gaba da ɗora sirdi a kan mikin. Yaya, dokin Baba ne fa. Ban samu jana'izarsa ba, abin yana cina har yau, kada kuma in ji dokinsa ya lalace a hannunmu saboda jaka biyar ta haya.

A sauke masa sirdi gaba ɗaya har miki ya rufe, fata ta yi ƙarfi, ko da zai kai wata biyu, ko da hawan Sallah zai wuce shi. Safe da yamma a wanke wurin da ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokali biyu na gishiri a lita ɗaya, a bar shi ya bushe, a shafa abin da likita ya bayar, a kare shi daga ƙuda. Baƙin mai na mota da toka da Sani yake shafawa ya daina, ƙona nama suke yi. A kai sirdin wurin baduku ya duba cikinsa, don in itacen ne yake taɓa ƙashi, ko an warke za a koma gidan jiya. Zubukar da gumi ya busar ta yi tauri a wanke ta ko a sake wata.

Tunda ba aiki yake yi ba, a rage masa dawa sosai, harawa da ciyawa su zama su ne abinci. Hatsi mai yawa ga dokin da ke tsaye a turke shi ke kawo ciwon ciki da zafin kofato. Ɗan abin da za a ba shi a raba uku, kuma ruwa kafin hatsi. Kada a zuba masa abinci a ƙasa, yashin da yake haɗiya taruwa yake a hanji, a samo rabin tano ko tsohuwar tabarma. In an ga yana tonon ƙasa, yana waiwayen ciki, yana neman birgima, ko ya yini bai yi kashi ba, a ɗauke abinci, a riƙa zagawa da shi a hankali, a kira likita nan take. Kada a yi masa ɗure. A riƙa duba kaska a kunne da ƙarƙashin wutsiya, nan ma ita ce ke kwantar mana da dawaki da zazzaɓi.

Zancen hannuna da kuka ji ba wani abu ba ne, har na koma aiki. Ɗakina yana saman barga, da ɗumi. Sai dai aikin na lokaci ne, ƙarshen Oktoba baƙi suke ɗaukewa, sanyi da masu farauta su karɓe daji, sai kuma Afrilu. Maigida ya ce zai riƙe ni don kula da dawakin a hunturu, cikinmu ni kaɗai ya yi wa wannan magana, amma albashi zai ragu. Saboda haka jaka 26 ɗin nan kada a taɓa su sai dole, kuma kada a ci bashi da sunana.

Ka zaunar da Sani a gaban Kawu, ba a waya ba. In kuɗi yake nema ya faɗa mini da bakinsa. Ranar Juma'a ka ɗauko mini hoton bayan Bidi da rana, kusa-kusa, da takardar maganin Inna.

A gaida Inna da kyau, a ce ta sa ni a addu'a. A gaida Kawu da Goggo da yara.

Wassalam,
ƙaninka