Hayaƙin taurari da tambayar 'yar mai gawayi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da 'yan uwana malaman kimiyya.

Ina koyar da kemistiri a wata sakandaren ƙauye ta wajen Ringim. Shekara da shekaru ina sa yara su haddace cewa gawayi da bakin fensir da lu'ulu'u duk kabon ne, su juye a jarrabawa, su manta. Rannan wata ɗaliba, wadda babanta ke sana'ar gawayi, ta ce, "Malam, to shi kabon ɗin daga ina ya zo?" Littafinmu bai ce uffan ba.

A cikin taurari, da ikon Allah, ake ƙera shi. Tauraro irin ranarmu in ya tsufa yakan kumbura ya riƙa furzar da iskarsa, har da kabon ɗin da ya ƙera a cikinsa. Can oksijin da kabon ke kama juna su zama kabon monoksayid, gubar nan ta hayaƙin janareta. In kabon ya fi yawa, rarar sai ta yi ta haɗe-haɗe har ta zama kunkunniya irin ta bayan tukunya. Akwai wani tauraro irin wannan, CW Leonis, da aka gano a 1969. Hayaƙinsa ya lulluɓe shi har sai da na'ura mai jin zafi aka gan shi. A iskar da ke kewaye da shi an sami asitilin, gas ɗin da masu gyaran jikin mota ke walda da shi, da gubar sayanayid. A 1987 kuwa, har gishirin miya aka gano!

Wanda ya fi kama hankalin yara shi ne wannan. A 1985, masana kimiyya uku, Kroto da Curl da Smalley, suna kwaikwayon yanayin irin waɗannan taurari a Jami'ar Rice ta Amurka, sai suka ci karo da ƙwayoyin kabon 60 da suka ɗinke kamar ƙwallon ƙafa. Sun ci kyautar Nobel a 1996, amma sai 2010 na'urar hangen nesa ta Spitzer da ke sararin samaniya ta hango irin wannan ƙwallo na kabon a gefen wani tauraro mai mutuwa.

Na ari tsohuwar ƙwallo na kai aji. Yara suka ƙirga da kansu: faci 12 masu gefe biyar, 20 masu gefe shida, mahaɗa 60, daidai da ƙwayoyin kabon 60 ɗin. Ranar ko mai gyangyaɗi ba a samu ba.

Roƙona, Malam Edita, ka ware mana ko rabin shafi ne na kimiyya da Hausa duk mako. Yarinyar nan ta dawo da sabuwar tambaya: baƙin ƙarfen garmar babanta fa?

Naka,
Malamin kemistiri,
Ringim, Jihar Jigawa.