Godiya ga Ma'aikatan Laburaren Asibitinmu na Koyarwa

Zuwa ga Hajiya Shugabar Laburare da dukkan ma'aikatanta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto ne a madadin likitocin da ke neman ƙwarewa a sashenmu na cututtukan ƙirji, da ma'aikatan jinya da na ɗakin gwaje-gwaje da muka zauna tare a horon da kuka shirya mana kan manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Yaba kyauta tukuici, kuma na ga ya fi dacewa a yi yabon a bainar jama'a, domin aikin laburare ba kasafai ake ganinsa ba, sai ranar da mutum ya matsu da neman wata takarda.

Tun da ChatGPT, manhajar da ake yi wa tambaya ta ba da amsa a rubuce, ya fito a ƙarshen 2022 abin ya shigo asibiti ba tare da sallama ba. Ƙananan likitoci suna amfani da shi a ɓoye, wasu manyanmu suna hana shi baki ɗaya, kuma babu wanda ya zaunar da mu ya nuna mana inda yake da amfani da inda yake cutarwa. Ku ne kuka ɗauki wannan nauyi, alhali babu wanda ya ɗora muku.

Darasin farko har yanzu ana maganarsa a ɗakin hutunmu. Malamin da ya jagorance mu ya sa manhajar ta kawo masa jerin takardun bincike kan tarin fuka a jikin yara, ya haska a bango. Jeri ya fito tsaf, da sunayen marubuta, da sunan mujalla, da shekara, har da lambar shafi. Sai ya ce kowa ya buɗe PubMed, rumbun takardun binciken likitanci na intanet, ya nemo su ɗaya bayan ɗaya. Wasu mun same su. Wasu kuwa ko alamarsu babu, ba a taɓa rubuta su ba. Ɗakin ya yi tsit. Daga nan ya bayyana mana dalili: irin wannan manhaja tana hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya ne, shi ya sa take iya ƙera abin da ya yi kama da gaskiya sak. Ƙa'idar da kuka kafa mana ita ce, babu takardar da za ta shiga kundin bincikenmu sai mun buɗe ta mun karanta da idonmu. Kun kuma sanar da mu cewa tun 2023 kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ya ce ba a sa manhaja cikin jerin marubuta, kuma duk wanda ya yi amfani da ita dole ya bayyana. Da yawanmu a ranar muka fara jin haka.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne batun sirrin majinyata, kuma ke da kanki, Hajiya, kika tsaya a kansa. Mutum yakan ɗauka idan ya cire suna shi ke nan. Kika nuna mana cewa a gari irin namu, inda kowa ya san kowa, shekaru da unguwa da sana'a da cuta sun isa a gane mutum. Matar da ke ɗauke da ƙanjamau, ko magidancin da ke ɓoye wa abokan kasuwarsa cewa yana shan maganin tarin fuka, sun faɗa mana sirrinsu ne don sun amince da mu, ba su ba mu izinin zuba shi cikin manhajar wani kamfani a wata ƙasa ba. Kika tuna mana cewa dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman. Amma tun kafin doka, amana ce, kuma haka kika gabatar da ita.

Mu a sashen ƙirji, zaman da aka yi kan hoton ƙirji ne ya fi shafar aikinmu na yau da kullum. A watan Maris na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajar kwamfuta wajen karanta hoton ƙirji don tantance masu tarin fuka, ga 'yan shekara 15 zuwa sama. A Najeriya, ƙasar da ta fi kowace yawan masu wannan cuta a Afirka, kuma likitocin karanta hoto suka yi ƙaranci, wannan babban sauƙi ne. Kun gayyato abokin aikinmu mai ɗaukar hoto, ya nuna mana yadda manhaja irin CAD4TB ke ba hoto maki daga 0 zuwa 100, da yadda ake zaɓar makin da daga shi za a tura mutum gwaji. Idan aka sa shi ƙasa sosai, ɗakin gwaji zai cika da kakin masu lafiya. Idan aka ɗaga shi da yawa, masu cutar za su wuce gida suna tari cikin iyalansu. Ya nuna mana hoton wani da ya warke tun da daɗewa amma tabon huhunsa ya sa maki ya haura. Nan kowa ya gane da idonsa cewa maki ba hukunci ba ne, sai an kai kaki ga GeneXpert, na'urar da ke gano ƙwayar cutar, sai kuma likita ya saurari mara lafiya.

Tambayar da kuka dasa mana, wadda yanzu nake jin ƙananan likitoci na yi wa juna, ita ce: da bayanan su wa aka horar da wannan manhaja? Kun kawo misalin binciken da mujallar Science ta buga a 2019, kan wata manhaja da asibitocin Amurka ke amfani da ita don zaɓar masu buƙatar kulawa ta musamman. Ta ɗauki kuɗin da aka kashe wa mutum a matsayin ma'aunin tsananin ciwonsa, kuma da yake ana kashe wa baƙar fata kuɗi kaɗan, sai ta riƙa ganin sun fi lafiya fiye da yadda suke. Duk wanda ke duba talakawa ya san me wannan ke nufi.

Ba zan manta da ɗawainiyar da kuka yi ba. Kun mayar da zaman zuwa yamma don mu gama zagayen marasa lafiya, kuna tsayawa bayan lokacin tashinku. In an ɗauke wuta kun san yadda za ku yi. Manyanmu da ke jin nauyin yin tambaya a gaban ɗalibansu, kun zauna da su a gefe cikin girmamawa, ba tare da kowa ya sani ba.

Roƙona ga hukumar asibiti shi ne ta ware wa wannan horo kuɗi a kasafinta, a kuma buɗe shi ga abokan aikinmu na manyan asibitocin jiha da ƙananan cibiyoyin lafiya, domin su ma manhajojin nan suna cikin wayoyinsu.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana, Ya albarkaci zuri'arku.

Naku,
Likita mai neman ƙwarewa, a madadin abokan aikinsa na sashen cututtukan ƙirji