Usyk ne zai sake doke Fury a karawar 21 ga Disamba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in bayyana ra'ayina game da damben boksin na ajin masu nauyi da za a yi ranar Asabar, 21 ga Disamba, 2024, a birnin Riyadh na Saudiyya, inda Oleksandr Usyk ɗan ƙasar Yukren zai sake haɗuwa da Tyson Fury na Ingila, bayan ya doke shi da maki a karawarsu ta farko a watan Mayun 2024.

Babbar hujjar magoya bayan Fury ita ce gwaninsu ya iya gyara kuskurensa a karo na biyu, kuma suna kafa misali da Deontay Wilder, wanda suka yi kunnen doki da shi a Disambar 2018, sannan Fury ya sauya mai horar da shi, ya ƙara nauyi, ya dawo a Fabrairun 2020 ya gama da shi a turmi na bakwai. Wannan gaskiya ne, sai dai Wilder ɗan dambe ne da ya dogara da naushin hannun dama kaɗai, kuma da zarar an tilasta masa ja da baya dabara ta ƙare masa. Usyk kuwa bahago ne wanda ƙafarsa ba ta tsayawa wuri guda, kuma aikinsa shi ne ya sa ƙaton abokin karawarsa ya yi ta juyawa yana neman saiti har numfashinsa ya soma sarƙewa. Idan Fury ya ƙara nauyi a kan kilo 119 da ya shigo da shi a watan Mayu, kaya ne ya ɗora wa kansa wanda zai ji nauyinsa daga turmi na takwas.

Adalci ne a faɗi cewa karawar farko ta 18 ga Mayu ba ta zo wa Usyk da sauƙi ba. Fury, wanda ya fi shi tsawo da santimita 15, ya mamaye turaman tsakiya, yana dukan ciki yana kuma ɗago naushi daga ƙasa zuwa haɓa, har ya girgiza Usyk a turmi na shida. Alƙalai biyu sun ba Usyk nasara da maki 115-112 da 114-113, na ukun ya ba Fury 114-113, kuma da ba don ƙirgen da alƙalin wasa ya yi wa Fury a turmi na tara ba, lokacin da igiyoyi kawai suka hana shi zubewa, da kunnen doki aka tashi. To amma wancan turmi na tara ba sa'a ba ce. Usyk ya shafe turame bakwai yana nazarin mutumin, ya soma samun sa da hagu a turmi na takwas, kuma wannan karon zai shiga fili ne da abin da ya riga ya gano.

Mu 'yan Najeriya ma mun ga wannan da idonmu a kan Anthony Joshua, ɗan damben Birtaniya mai asali daga Najeriya. A karawarsu ta biyu a Jidda, a Agustan 2022, Joshua ya zo da shiri fiye da na farko, ya matsa wa Usyk lamba ƙwarai a turmi na tara, amma a na goma Usyk ya dawo kamar ba shi aka daka ba, ya karɓe wasan. Masu cewa shekaru sun cim ma Usyk su tuna cewa a Disambar 2024 shekara 37 yake da su, Fury kuma 36, kuma Fury ne ya sha faɗuwa a hannun Wilder, ya kuma faɗi a gaban Francis Ngannou a 2023, mutumin da a ranar ya fara damben boksin na ƙwararru.

Hasashena shi ne za a cika turmi 12, Usyk ya yi nasara da maki, da tazarar da ta fi ta farko, ya riƙe kambunansa na duniya na hukumomin damben WBA da WBC da WBO. Damar Fury ɗaya ce, wato ya raunata shi da dukan ciki kafin turmi na bakwai, kuma ban ga alamar Usyk zai tsaya masa ya yi hakan ba.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Zariya, Jihar Kaduna