Kafin ka ƙara kuɗi a kan katifa, tambayi abin da ke cikinta

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi bayani a kan wani kaya da kowane gida ke saye, amma ba safai ake tsayawa a bincike shi ba, wato katifa. Tambayar da ta fi yawa a bakin masu saye ita ce ko mai tsada ta fi mai araha da gaske, ko kuwa suna kawai ake biya. Amsata ita ce ƙarin kuɗi yana da amfani matuƙar kayan cikin katifar yake saya maka. Da zarar ya wuce nan, ya koma kuɗin yadi da suna da talla. Inda gizo ke saƙar shi ne cikin a rufe yake. Mai saye yadi kawai yake gani, ya danna da tafin hannu sau biyu, ya zaro kuɗi ya biya.

Mu fara da katifar soso, tunda ita ta fi yawa. Abin da ke nuna ko soso zai daɗe shi ne cikarsa, abin da masu sana'ar ke kira dansiti. Ma'anarsa kilo nawa soson zai yi idan aka yanko dunƙulensa mai mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya a kauri. Soso ba komai ba ne illa tarin ƙananan kumfa, kowanne da ɗan bangonsa. Idan dansitin ya yi ƙasa, iska ce ta fi yawa a ciki, bangon kuma siriri ne. Kullum dare nauyin jiki yana murƙushe shi, har ya gaji ya daina tashi. Ramin nan da ke fitowa daidai wurin kwankwaso, daga nan yake samo asali. Soso mai dansiti 18 zuwa 22 ya dace da ƙaramin yaro ko ɗakin baƙi da ba kullum ake kwana ba. Babban mutum mai kwana a kai kowane dare ya nemi 28 zuwa 32. Wanda ya haura kilo 100, ko ma'aurata masu jiki, kada su sauka ƙasa da 35.

A nan ne mutane da yawa ke yi wa rogo kallon kitse, domin suna ɗauka tauri shi ne inganci. Tauri daban, dansiti daban. Masana'anta na iya haɗa soso mai dansiti 18 ya fito da tauri kamar allo, kuma tana iya haɗa mai 40 ya fito da laushi. Na farkon zai burge ka a shago, amma taurin nasa na ɗan lokaci ne, kafin shekara ta zagayo ya saki. Saboda haka danna katifa da hannu yana gaya maka yadda za ta yi maka a daren farko ne kawai.

Idan mai shago bai san dansitin ba, ko ka ga yana kame-kame, sikeli zai raba gardama. Auna tsawo da faɗi da kauri da mita, ka ninka su. Katifa mai tsawon mita 1.9, faɗin 1.5, kaurin 0.2, za ta ba ka 0.57. Ɗora ta a sikeli, ka cire kilo ɗaya ko biyu na yadi, ka raba abin da ya rage da 0.57 ɗin. Idan soson mai dansiti 30 ne, nauyinsa zai kai kilo 17. Idan ka ga kilo 10 da ɗoriya, to mai 18 aka ba ka, ko da me aka rubuta a jikin leda. Wannan lissafi na katifar da soso ne zalla, ba ya aiki a kan mai sifirin, wato mai murɗaɗɗun wayoyin ƙarfe a ciki.

Sai dai shi ma nauyin ana yi masa algus. Akwai masu zuba garin alli a cikin haɗin soson domin ya yi nauyi a hannu. Irin wannan soso idan ka sami gefensa ka murza da yatsa, za ka ji shi gautsi-gautsi, wani lokaci har da ɗan farin gari, idan kuma ka ja shi sai ya yage ba tare da ya miƙe ba. Soso na gari yana ɗan miƙewa kafin ya yage, kuma idan ka durƙusa a kansa da gwiwa ka tashi, nan take yake cikowa. Shi ya sa katifa mai zif ta fi kwanciyar hankali, domin za ka buɗe ka gani da idonka, gani kuwa ya kori ji. Da zif ɗin ne kuma za ka gane wata dabarar: a shimfiɗa soso mai kyau na santimita uku a sama, a cika ƙasan da tarkace, a ce maka ga katifa mai kauri. Kauri shi kaɗai ba abin biya ba ne. Santimita 15 zuwa 20 na soso mai cika ya ishi yawancin mutane, mai jiki sosai ya nemi 25. Abin da ya wuce haka galibi ado ne, ga kuma wahalar samun zanin gadon da zai rufe ta.

Katifar sifirin iri biyu ce a kasuwa. Akwai tsohon samfuri da ake kira Bonnell, wanda aka sarƙe duk sifirin ɗin da waya ɗaya da ɗaya. Yana da araha, iska na ratsa shi, amma idan mutum ɗaya ya juya sai duk katifar ta amsa, in ya tsufa kuma ya fara ƙara. Akwai kuma wanda kowane sifirin ke cikin aljihunsa na yadi, yana lotsawa shi kaɗai. Ga mutum biyu a gado ɗaya, musamman idan ɗaya ya fi ɗaya nauyi ko ɗaya mai saurin farkawa ne, wannan ƙarin kuɗi ne da ya cancanta. Amma kada yawan sifirin ya ruɗe ka. Idan aka ce maka dubu biyu ne ko dubu uku a katifa ɗaya, to dole an ƙanƙanta su an sirance wayar, ko an jera su hawa biyu. Abin tambaya shi ne kaurin wayar, da kuma irin soson da aka shimfiɗa a kansu. Sau da yawa ba ƙarfen ne ke fara mutuwa ba, soson saman ne, sai ka fara jin waya tana taɓa haƙarƙari alhali sifirin ɗin lafiyarsa ƙalau. A duba gefe ma. Zauna a bakin katifar kamar za ka sa takalmi. Idan ta zame da kai ƙasa, ba a ƙarfafa gefen ba, kuma daga nan za ta fara lalacewa.

Soson da ake kira memori, wanda ya samo asali daga wani aikin hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, a shekarun 1960, yana bin siffar jiki a hankali saboda ɗumin jiki na tausasa shi. Yana rage wa kafaɗa da kwatangwalo matsi, amma yana riƙe zafi, kuma juyi a kansa sai da ɗan ƙoƙari. Mai yawan gumi ya yi tunani sau biyu. In za a saya, a nemi mai dansiti 50 zuwa sama. Shi kuwa lateks, wanda ake yi da ruwan itacen roba, ya fi su duka daɗewa, yana da nauyin gaske, kuma tsadarsa tana da dalili. Sai dai a tambaya ko na itace ne, ko na haɗin sinadari, ko gauraye, domin duka ukun suna ɗaya ake kiransu da shi.

Sai maganar “otofedik”, kalmar da ta fi kowace kalma cin kuɗin masu ciwon baya. Ba sunan wani magani ba ne, kalmar talla ce, kuma galibi abin da ake nufi shi ne katifa mai tauri ƙwarai, sau da yawa ta guntayen soso da aka gauraya da gam aka matse. Irin wannan soso yana daɗewa, wannan gaskiya ne. Amma batun cewa mai ciwon baya sai ya kwana a abu mai taurin dutse, bincike bai goyi bayansa ba. A 2003 mujallar likitanci ta The Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a ƙasar Sifen a kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu. Bayan kwana 90, waɗanda aka ba katifa mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka ba mai tauri sosai. Dalilin a fili yake. Gadon baya ba miƙaƙƙe ba ne kamar sanda. Katifa mai tauri fiye da kima tana tokare kafaɗa da ɗuwawu, ta bar ƙugu a rataye. Mai laushi fiye da kima kuma tana nutsar da kwankwaso, baya ya lanƙwashe kamar baka. Wanda ya gudu daga lotsattsiya ya faɗa kan mai taurin allo, ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago. Wanda ciwonsa ke sauka ƙafa, ko yake jin ƙafar na mutuwa, likita ya kamata ya gani, ba mai katifa ba.

Gwajin shago kuwa, a bar kunya a gefe. Cire takalmi ka kwanta yadda ka saba kwana, minti goma zuwa sha biyar. Idan a rigingine kake, tura tafin hannunka ƙarƙashin ƙugu. In ya shige sakayau har da sauran fili, ta yi maka tauri. In ya ƙi shiga sam, ta yi laushi. Daidai ita ce ya shiga da ɗan matsi. Idan a gefe kake kwana, sa wani ya tsaya ta bayanka ya duba ko daga wuya zuwa ƙarshen gadon baya a miƙe suke. Mai kwanciyar gefe yana bukatar ɗan laushi a sama don kafaɗa ta sami wurin shiga, mai rub da ciki kuma ya fi bukatar tauri. Ma'aurata su gwada tare. Tsawon katifar ya ɗara tsawon mai kwanciya da aƙalla santimita 10.

Kada a kashe kuɗin duka a katifa a manta da gado. Katakon da ake jerawa a ƙasa kada tazararsu ta wuce santimita 7, in ba haka ba soson zai riƙa kutsawa tsakani, ya yi tudu da kwari. Gado mai faɗi na mutum biyu yana bukatar katako a tsakiya daga kai zuwa ƙafa, da ƙafarsa da ke taɓa ƙasa. Katifu da yawa da ake zagi, gadon ne mai laifin. Ajiye ta a daɓe kai tsaye ko barin ledar da ta zo da ita a jiki yana hana gumi fita, danshi ya taru, fumfuna ta kama, soson ya ruɓe da wuri. A cire leda, a sa rigar katifa mai hana ruwa shiga wadda ake wankewa. A riƙa juya kai ya koma ƙafa duk wata uku, mai fuska biyu kuma a kifa ta. Kada a shanya soso tsirara a rana mai ƙuna, hasken rana na sa shi ya yi rawaya ya fara marmashewa. Inuwa mai iska ta fi.

Garanti ma a karanta shi da kyau, don shekara goma a baki ba ita ce shekara goma a takarda ba. Yawancin kamfanoni ba sa karɓar ƙorafi sai ramin ya kai wani zurfi da suka ƙayyade, galibi tsakanin santimita 2 da 4, kuma ana aunawa ne babu kowa a kai. Tabo ɗaya na iya soke shi. Wasu kuma bayan shekarun farko, wani kaso kawai na kuɗin suke ɗauka. A adana rasit.

To, ina iyakar ƙarin kuɗin? A raba farashi da shekarun da katifa za ta yi. Wadda ta ninka wata a kuɗi amma ta yi shekara takwas, ta fi araha nesa ba kusa ba a kan wadda za ta lotse cikin biyu. Tsallen daga ta ƙasa-ƙasa zuwa matsakaiciya mai kyau shi ne inda kuɗi ke aiki sosai, don a nan ne ake sayen cikar soso da waya ta gari. Daga matsakaiciya zuwa ta ƙololuwa, bambancin barci kaɗan ne, abin da ke ƙaruwa shi ne yadi mai sheƙi, ɗinkin ado da wasu sunaye masu daɗin faɗa. Wanda ke da hali ya saya don jin daɗinsa, ba laifi, amma kada ya sa ran za ta ninka shekaru. Idan aljihu bai kai ba, gara a rage kauri ko girma a riƙe dansiti. Jariri kuwa hukuncinsa daban ne: katifarsa ta zama mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, ta cika gadonsa yadda yatsu fiye da biyu ba za su shiga tsakaninta da katako ba, domin mai laushi na iya toshe masa numfashi.

Ga wanda ke shakkar ko tasa ta gama aiki, ya yaye zanin gado, ya gitta miƙaƙƙen katako ko ya ja zare daga gefe zuwa gefe daidai wurin kwankwaso, ya auna zurfin da ke ƙasa da rula. Idan ya kai santimita uku zuwa huɗu, ya sauke katifar a daɓe mai tauri da daidaito ya sake aunawa. In ramin ya ɓace, kafinta zai kira. In yana nan, lokacin sabuwa ya yi.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Naka, wani mai karatu.