Wasiƙa daga Lima

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ni ma lafiya lau, sai dai hazon Lima, babban birnin Peru, da ba ya barin rana ta leƙo.

Ka tambayi abin da ke cinye mini kuɗi haka. To, faifan garmaho ne, na waƙoƙin mutanen tsaunukan Andes. Ran Asabar nakan gangara titin Quilca a tsakiyar gari, inda ake sayar da tsofaffin littattafai da faya-fayai, in tsuguna ina tonon kwalaye har ƙafafuna su yi tsami.

Kada ka zaci busar sarewar nan ce da ake yi wa 'yan yawon buɗe ido. Abin da nake bi shi ne huayno, waƙar mutanen ƙauye da suka kwararo Lima neman abinci tun wajejen 1950. Kamfanoni irin su IEMPSA da Sono Radio da El Virrey suka hango kasuwa, suka yi ta buga musu ƙananan faya-fayai masu juyi 45 a minti ɗaya, waƙa ɗaya gaba, ɗaya baya, wata da Sifaniyanci, wata da harshen Quechua. Lebura da 'yar aikin gida su ne masu saye. Ran Lahadi kuma su cika dandalin da ake kira coliseo don ganin mawaƙa irin su Pastorita Huaracina da Picaflor de los Andes ido da ido.

Shi ya sa da wuya ka samu faifai mai lafiya. An ci biki da su, allura ta cinye layukan, danshin garin nan kuma ya sa kwalin ya yi fumfuna. Wasu masu tarawa ko kallon faifai ba sa yi in ya karce. Ni kam wanda aka rubuta wa suna da biro a tsakiya, don kada ya ɓace a gidan biki, shi nake fara ɗauka.

Na yankin Huancayo, wani birni a cikin tsaunukan, sun fi kama ni. Saksofon ke jan gaba da ƙara kamar algaita a ƙofar fada, goge da garayar Turawa na biye.

Damuwata yanzu ita ce dawowa da su gida. Suna da nauyi, zafi kuma yana lanƙwasa faifai. Don Allah ka duba mini ko ɗakin nan na ƙasa yana nan da sanyinsa.

Ka gaida Baba da kyau, ka ce ya sa ni a addu'a.

Naka har kullum.